Jiragen da aka haɗa a Kaduna: wane darasi ke ciki ga gabashin Sakkwato?

A shekarar 1989 ne wani ƙaramin jirgin sama mai kujeru biyu, wanda aka haɗa da hannu a Kaduna, ya yi tashinsa na farko, lamarin da ya sa jama'a da dama suka ɗauka cewa Najeriya ta kama hanyar shiga sahun ƙasashe masu ƙera jiragen sama.

Sunan jirgin Air Beetle, kuma an yi gangar jikinsa ne da fallayen alminiyam, ƙarfen nan maras nauyi da wasu ke kira goran ruwa. Sassansa sun iso ne a cikin akwatuna daga Amurka, inda mutane ke sayen irinsu suna haɗawa a garejin gidajensu.

Shekaru 27 bayan haka, a 2016, sai ga Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar sayen jiragen horar da matuƙa guda goma daga Pakistan, ƙasar da ita ma da haɗa sassan da aka aiko mata a akwati ta fara.

Wannan labari ya shafi manomin shinkafa a fadamun Wurno, da mai tafarnuwa a Goronyo, da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Rabah, fiye da yadda ake tsammani. Ambaliya da tsuntsayen jan baki da 'yan bindiga, waɗanda su ne manyan abubuwan da ke hana yankin barci, duk an fi saurin hango su daga sama. Abin tambaya shi ne, me ya sa ƙasar da ta taɓa haɗa jirage masu araha da hannun 'ya'yanta ba ta mayar da wannan fasaha abin amfanin yau da kullum ba?

Yadda ake haɗa jirgi a gida

Kamfanin da ya ƙera sassan Air Beetle shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, wanda wani injiniya mai suna Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Kamfanin ya yi suna ne wajen sayar da sassa da zanen yadda za a haɗa su, shi kuma mai saye ya yi sauran aikin.

Galibi a kashi-kashi ake sayen kayan. Akan fara da wutsiya, domin ita ce mafi sauƙi kuma mafi araha, ta yadda idan mutum ya yi kuskure asarar ba za ta yi yawa ba. Daga nan sai fukafukai, sai gangar jiki, sannan sauran kayan ƙarasawa. Inji da farfela da na'urorin da matuƙi ke dubawa kuwa, daban ake sayensu.

Ba a yi wa fallayen walda. Ana huda su ne a jera su, a riƙe da wasu 'yan maƙalai na wucin gadi, sannan a ɗaure da ƙananan ƙusoshi na musamman waɗanda ake daddaƙe bakinsu har su kama. Jirgi guda yana cin irin waɗannan ƙusoshi fiye da dubu goma, kuma kowace huda sai an goge bakinta, domin ɗan kaifin da aka bari yana iya zama mafarin tsagewa bayan jirgin ya daɗe yana jijjiga a sama.

Aiki ne na haƙuri da kiyaye awo. Mutum guda da ke yi a lokacin hutunsa yakan shafe kusan sa'o'i dubu biyu, abin da kan kai shekaru kafin a gama. Duk da haka, ya zuwa ƙarshen 2017 jiragen wannan kamfani da aka kammala suka tashi sun kai dubu goma a faɗin duniya.

Dokar Amurka ta amince da wannan harka bisa sharuɗɗa. Wajibi ne mai haɗa jirgin ya yi fiye da rabin aikin da kansa, jami'in hukuma ya duba jirgin kafin ya tashi, sannan a yi masa gwaji na tsawon sa'o'i 25 zuwa 40 a wani keɓaɓɓen yanki, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa tun 1953, wadda ke taron shekara-shekara a garin Oshkosh, inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi.

Ke nan abubuwa uku ne suka tallafi harkar a can: sassa masu inganci, da doka bayyananniya, da kuma jama'ar da ke gadar wa juna ilimin.

Zamanin Air Beetle

Kaduna ta daɗe da zama cibiyar jiragen soja a Najeriya. An kafa rundunar sojan sama a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, kuma a Kaduna ake bai wa sababbin matuƙa horon farko.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980, jiragen horo samfurin Bulldog da aka sayo daga Birtaniya sun fara tsufa. Lokaci ne kuma na tsuke bakin aljihu, bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, kuɗaɗen waje suka yi wuya.

A wannan yanayi ne kamfanin AIEP da ke Kaduna, wanda daga baya aka san shi da alaƙarsa da kamfanin Dornier na Jamus, ya zaɓi samfurin RV-6A na kamfanin Van's, ya yi masa gyare-gyare domin ya dace da horar da soja. Rundunar sojan sama ta yi odar guda 60, aka kuma ci gaba da haɗa su a cikin shekarun 1990.

Zaɓin yana da hikima. Jirgin yana da ƙafa uku, ɗaya a gaba, abin da ke sauƙaƙa wa ɗalibi sauka. Malami da ɗalibi suna zama kafaɗa da kafaɗa. Nauyinsa ba tare da mai ba kusan rabin tan ne kawai, injinsa mai ƙarfin doki 180 ne, kuma an tsara shi yadda zai iya amfani da man fetur na mota idan man jirgi ya yi wuya.

Matuƙan sojan saman Najeriya da yawa a cikin wannan jirgi suka fara koyon tashi. Haka kuma ma'aikatan da suka haɗa shi sun samu ƙwarewar da ba a samunta daga littafi kaɗai.

To amma daga wannan oda ba a ci gaba ba. Ba a samu wata babbar kasuwa a wajen rundunar ba, yawan jiragen da ke iya tashi kuma ya riƙa raguwa sannu a hankali. A watan Agustan 2017 ɗaya daga cikinsu ya faɗi a Kaduna, inda wani babban malamin horar da matuƙa ya rasa ransa. A daidai wannan lokaci jiragen Pakistan sun riga sun fara isowa.

Masu lura da harkar masana'antu a arewacin Najeriya za su ga kamanni tsakanin wannan da abin da ya faru da kamfanonin haɗa motoci, irin su Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975. Muddin gwamnati na saye, aiki na tafiya. Da zarar ta janye hannu, ko kuɗin shigo da sassa ya gagara, sai injina su yi shiru, ƙwararru su watse.

Hanyar da Pakistan ta bi

Jirgin da Najeriya ta saya, Super Mushshak, asalinsa ƙirar kamfanin Saab ne na ƙasar Suwidin. A shekarun 1970 Pakistan ta fara da haɗa sassan da aka aiko mata, kamar dai yadda aka yi a Kaduna daga baya.

Bambancin shi ne ba ta tsaya nan ba. A shekarun 1980 masana'antar jiragen sama ta gwamnati da ke Kamra ta koma ƙera sassan da kanta, daga bisani ta sanya wa jirgin inji mai ƙarfin doki 260, ta sabunta na'urorinsa. Kawo yanzu ta sayar da shi ga ƙasashe irin su Saudiyya da Oman da Ƙatar da Turkiyya da kuma Najeriya.

Har yau injin jirgin na Amurka ne, domin ƙasashe ƙalilan ne ke ƙera injinan jiragen sama. Wannan na nuna cewa sayo sassa daga waje ba abin kunya ba ne. Abin da ya raba ƙasashen biyu shi ne ɗorewa: ɗaya ta riƙe abu guda tsawon shekaru 40 tana inganta shi, ɗayar kuma ta saki nata bayan zagaye na farko. Hausawa kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abubuwan da suka tsaya a hanya

Na farko shi ne ƙarfen kansa. Najeriya ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina masana'antar narka alminiyam ta ALSCON a Ikot Abasi da ke jihar Akwa Ibom. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999. An sayar da ita ga kamfanin Rusal na Rasha a 2007, aka shiga doguwar shari'a da wani kamfanin Amurka kan wanda ya cancanci mallakarta, sannan aiki ya sake tsayawa a 2013.

Ko da masana'antar na aiki, ɗanyen alminiyam daban yake da wanda ake yin jirgi da shi. Na jirgi gauraye ne da tagulla da wasu ƙarafa, ana kuma gasa shi a murza shi bisa wani ma'auni tsayayye. Maƙeran da ke narka gwangwanaye suna zuba tukwane a Sakkwato da Kano gwanaye ne a sana'arsu, amma ƙarfen tukunya ba zai ɗauki nauyin fiffike ba.

Na biyu shi ne mai. Yawancin ƙananan jirage masu farfela suna shan wani fetur ne na musamman wanda ake shigowa da shi daga waje, kuma samunsa na da wuya a Najeriya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta karkata ga jiragen Diamond masu amfani da man manyan jirage.

Na uku kuɗi. A yau kammala irin wannan jirgi, da inji da na'urori, yakan haura dala dubu ɗari, wato fiye da naira miliyan ɗari. Ga ɗaiɗaikun mutane wannan kuɗi ne mai yawa. Amma idan aka kwatanta da kusan dala miliyan 500 da aka kashe kan jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da suka iso a 2021, za a ga cewa ga gwamnatin jiha ko wata babbar makaranta abu ne mai yiwuwa.

Shi kansa kamfanin Van's bai tsira daga matsala ba. A watan Disamban 2023 ya nemi kariyar kotu saboda bashi, bayan da aka gano tsagewa a bakin hudojin wasu sassan da aka yanka da hasken leza, ga kuma tsadar kaya. Ya farfaɗo a 2024, amma farashi ya tashi. Duk wanda ya dogara ga mai sayarwa guda a wata nahiya, dole ya yi lissafi da irin wannan.

Na huɗu kuma shi ne zargi. A ƙasar da ke fama da matsalar tsaro, duk abin da ke tashi a sama abin tuhuma ne. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar jihar Zamfara, bayan raɗe-raɗin cewa ana kai wa 'yan bindiga makamai ta sama. Ko ƙaramin jirgi maras matuƙi ne mutum zai yi aiki da shi, sai ya nemi izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Basira ba tare da jagora ba

Duk da waɗannan matsaloli, sha'awar ba ta mutu a zukatan matasa ba. A 2007 kafafen yaɗa labarai na duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin fallayen alminiyam da injin mota ƙirar Honda. Rahotanni sun ce jirgin ya ɗaga sama da kimanin ƙafa bakwai, kuma hukumomin jiragen sama ba su nuna sha'awar aikin ba a lokacin.

Tun daga nan ba a rasa jin labarin wani matashi a wani gari da ya ƙera abin da ya yi kama da jirgi. Akan taru a yi kallo, wani lokaci wani babba ya ba da kyauta, daga nan sai maganar ta bi ruwa.

Gaskiyar magana ita ce, jirgin da aka yi da tarkace ba tare da lissafin nauyi da ƙarfin ƙarfe ba, haɗari ne ga mai shi da kuma waɗanda ke ƙasa. A nan ne amfanin sassan da aka riga aka gwada yake: injiniyoyi sun gama lissafin, abin da ya rage wa matashi shi ne ya koyi tsare ƙa'ida.

Akwai misalai a nahiyar Afirka. A filin jirgin Kpong da ke Ghana, wani ƙaramin kamfani ya riƙa haɗa jiragen alminiyam samfurin Zenith tare da horar da 'yan matan karkara. Ɗaya daga cikinsu, Patricia Mawuli, wadda ta fara da aikin tumɓuke kututture a filin, ta zama matuƙiya kuma mai haɗa jirage. An yi amfani da jiragen wajen isar da saƙonnin kiwon lafiya ga ƙauyukan da ke gefen tafkin Volta.

A Afirka ta Kudu kuwa, kamfanin Sling da ke kusa da Johannesburg yana ƙera sassan da kansa yana sayarwa har Amurka da Turai. A 2019 wasu ɗalibai 20 'yan makarantar sakandare sun haɗa ɗaya daga cikin jiragensa a cikin 'yan makonni ƙarƙashin kulawar ƙwararru, wasunsu kuma suka tuƙa shi daga Cape Town har birnin Alƙahira.

Buƙatar gabashin Sakkwato

Wurno da Rabah da Goronyo garuruwa ne masu tarihi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a can kuma aka binne shi a 1837. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Arzikin yankin kuwa ya ta'allaƙa ne ga noma, musamman a fadamun kogin Rima da na Sakkwato.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon kubik. Da ita ake noman rani, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun kaso mai yawa na ruwan sha. A watan Satumban 2010, bayan mamakon ruwan sama, madatsar ta cika aka saki ruwa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta kuma yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma akasin haka aka gani, inda ruwan ya janye har ya rage kimanin kashi ɗaya cikin goma.

A lokacin ambaliya, abin da jami'an agaji suka fi buƙata shi ne sanin wane ƙauye ruwa ya kewaye, wace hanya ce ta yanke. Ƙaramin jirgi mai gudun da ya haura kilomita 250 a sa'a zai isa madatsar daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a ƙasa da rabin sa'a, yana shan lita 30 zuwa 40 na mai a kowace sa'a. Hoton da zai kawo a safiya guda, mota za ta yi kwanaki ba ta tattara shi ba.

Sai kuma jan baki. Tsuntsu guda yana cin kimanin giram goma na hatsi a rana, ke nan garken da ya kai miliyan biyu zai iya lashe tan 20 kafin faɗuwar rana. Manoma kan kwana a gona suna kaɗa gwangwani, yara su bar makaranta domin kora. Maganin da gwamnatoci suka saba yi shi ne ɗauko hayar jirgin feshi, wanda sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa yake isowa.

Jirgi mai kujeru biyu ba zai ɗauki tankin feshi mai nauyi ba. Abin da zai iya shi ne gano inda tsuntsayen ke kwana da inda suke ƙyanƙyasa tun da wuri, ta yadda feshin zai faɗa inda ya dace, a rage asarar magani da gurɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Batun da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsaro. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a yankin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah. A ranar 17 ga Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Wata guda kafin nan an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar, da nufin toshe hanyar sadarwar maharan.

Maharan kan taho ne a ayarin babura, su ratsa fili mai ƙarancin itatuwa. Irin wannan ayari ba ya ɓoyuwa ga wanda ke sama. Manyan jiragen yaƙi kuwa kaɗan ne, ana kuma buƙatarsu a fagage da yawa a lokaci guda, daga Borno zuwa Neja.

Iyakar abin da zai iya

Sai dai bai kamata a ɗora wa ƙaramin jirgi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Fallen jikinsa siriri ne, harsashi na ratsa shi cikin sauƙi, kuma an sha ganin 'yan bindiga da manyan bindigogi. A watan Yulin 2021 sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, ko da yake matuƙin ya tsira.

Haka kuma samfurin da aka haɗa a Kaduna fukafukansa a ƙasa suke, suna tare wa matuƙi ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Aikin sintiri ya fi dacewa da jirgi mai fukafukai a sama, mai iya tafiya a hankali da sauka a gajeren fili, irin waɗanda aka haɗa a Ghana.

Ga kuma yanayi. Hazon hunturu yakan rufe sararin arewa har manyan jirage su kasa sauka, balle ƙarami da matuƙinsa ya dogara ga abin da idonsa ke gani. Zafin bazara kuma yana rage wa inji ƙarfi, ya tsawaita tazarar da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga.

Alƙaluman haɗari ma abin dubawa ne. Wani bincike da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen da aka haɗa a gida kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ne ke da kashi 21 cikin ɗari na haɗurran da aka rasa rai a 2011. Da yawa daga cikin haɗurran sun faru ne a sa'o'in farko na tashin jirgin. Idan haka abin yake a inda ake da masu dubawa da yawa, to a inda babu su sai an ninka taka-tsantsan.

Wasu za su ce zamani ya riga ya wuce wannan muhawara, tunda jirage marasa matuƙa sun fi araha kuma ba sa jefa ran kowa cikin haɗari. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Rundunar sojan sama ta ƙaddamar da nata guda biyu masu sunayen Hausa a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, na biyun da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Kamfanin Zipline ma ya fara kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna da irin waɗannan jirage a 2022.

Amma ko jirgi maras matuƙi ne, hannu ne ke haɗa shi, hannu ke gyara shi, kuma mutum ne ke fassara hoton da ya aiko. Abin da ya faru a Tudun Biri a watan Disamban 2023, inda jirgin sojan ƙasa maras matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 da ke taron Maulidi, ya nuna cewa hangowa daga sama ba ta wadatar idan babu horo da kyakkyawan bayani daga mutanen da ke ƙasa.

Ina mafita?

Idan akwai darasi a labarin Air Beetle, shi ne cewa haɗa jirgi shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne tanadin kuɗin gyara kowace shekara, da riƙe ƙwararru, da samar da abokan ciniki fiye da guda.

Kayan aikin ba su ɓace gaba ɗaya ba. Akwai kwalejin Zariya, akwai Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, akwai kwalejojin kimiyya da fasaha a jihohi, ciki har da ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato. Jirgi guda da ɗalibai za su haɗa ƙarƙashin kulawar injiniya mai lasisi zai koyar da awo da aikin ƙarfe da lantarki da kula da inji, sana'o'in da ke da kasuwa ko da ɗalibin bai taɓa tuƙa jirgi ba.

Kafin a kai ga haka, sai hukumar kula da jiragen sama da jami'an tsaro sun shimfiɗa hanya mai sauƙin bi ga makaranta ko gwamnatin jihar da ke son mallakar irin wannan jirgi: wa zai duba shi, a ina za a gwada shi, wa zai ba shi izinin shawagi a kan kogin Rima.

A watan Nuwamban 2025 aka cika shekaru 100 da saukar jiragen sojan saman Birtaniya uku a Kano, waɗanda ake lissafawa a matsayin mafarin tarihin jiragen sama a Najeriya. A tsawon wannan lokaci jirgi ya kasance abin da ake sayowa da tsada daga nesa, na soja da mahajjata da masu hali.

Manomin da ke gefen madatsar Goronyo bai damu da ko a Kaduna aka haɗa jirgi ko a Kamra ba. Abin da zai tambaya shi ne ko akwai wanda zai sanar da shi da wuri cewa ruwa na tafe, ko tsuntsaye sun sauka, ko kuma an hango babura a hanya. Amsar wannan tambaya ce za ta nuna ko ƙwarewar da aka samu a Kaduna ta tafi ke nan, ko kuwa za a iya farfaɗo da ita.